Moriba Jara da Fankar da Ta Ƙi Gudu

"...da mai jiki, da zafin nan, da bawana da ba ya amsa gaisuwa sai an kira shi sau uku. Jara! Jara! Jara!"

"Tarawele," in ji Moriba daga saman tsani, ko juyowa bai yi ba. "Ai na san kin iso. Tun kina bakin titi tsanin nan ya fara rawa."

Tenin Tarawele ce, 'yar kawunsa, mai sayar da kifi banda a babbar kasuwar garin Kayi. Ta cika ƙofar ɗakin taf, kwano ɗaure cikin ɗankwali a hannunta, zufa tana bin wuyanta. Ita da Moriba a tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe. Yau ga shi kowannensu ya ba sittin baya, amma ba a taɓa ganin sun haɗu sun rabu wani bai taɓa kakannin wani ba. Ga taubasantaka, ga kuma wasan dangi tsakanin zuriyar Jara da ta Tarawele, inda kowa ke kiran ɗayan bawansa, wasan da ya girmi iyayensu.

Watan Afrilu ne, bayan azahar, lokacin da ko awaki ba sa yarda su tsallaka titi. Mako guda ke nan da aka sallamo Kanku, matar Moriba, daga asibiti. Hawan jini ya kayar da ita, ya shanye mata hannun dama, ya nauyaya mata harshe, likita kuma ya ja kunne a kiyaye ta da zafi. Tana kwance kan katifa a ƙasa, an rufa mata jiƙaƙƙen zane. A bango sama da ita ga esi, na'urar sanyaya ɗakin da ɗansu Lasine ya aiko bara daga Faransa. Kwana uku ke nan fankarsa ta kafe a gudu ɗaya, mafi ƙanƙanta. A danna a sake dannawa, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. Iska na fitowa da ɗan sanyinta, amma kafin ta sauko kan katifa zafin ɗakin ya lashe ta. Moriba kuwa shekara talatin da huɗu ya yi yana gyara firji da esi a ma'aikatar jirgin ƙasa, don haka ya kashe wuta, ya cire murfin na'urar, ya baje notinta da kayan aikinsa a kan gado kamar mahauci.

Tenin ta ajiye kwano, ta durƙusa da ƙyar kusa da katifa, ta riƙe hannun Kanku mai lafiya.

"Sannu, Kanku. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ba ki lafiya, ya kuma ba ki haƙurin zama da wannan."

Kanku ta motsa baki, ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito. "Ru... wa."

"Ba ta ruwa, moɗa tana nan gefenki," in ji Moriba. "Kwana uku ke nan ba ta da magana sai ruwa. Randa guda ta kusa shanyewa."

Tenin ta tallafo kanta ta ba ta. Kanku ta ɗan kurɓa, ta kau da fuska.

"Me kika ƙunso a kwanon?" in ji Moriba.

"Farfesun kifi ne na mai jiki. Kai na so in dafo maka wake, abincin gidanku, sai na tuna ɗakin a rufe yake, ga mara lafiya."

"Ai da kin kawo. Iskar da zan bayar ta fi ta wannan na'urar ƙarfi, kuma tawa tana da gudu uku."

"Kai, Jara! Ka bar ni in faɗa mana! Tun daga kasuwa nake riƙe da wannan zagin, ban yarda ya zube a hanya ba."

"Kin makara. Tun asuba nake zagin kaina, na ƙarar da masu kyau. Sauran ƙashi ne, ki tsotsa."

"To saura sanƙonka."

"Na yi shi da hantsi. Na ce da shi zan haska cikin na'urar, tunda ya fi fitila."

"Gajartarka fa?"

"Tsani mai hawa biyar na aro, ina kan na biyar, har yanzu ɗage nake yi. Me za ki ƙara?"

Tenin ta zauna daɓas a bakin gado, gadon ya yi kuka. Ta jawo murfin kwali tana yi wa Kanku fifita.

"To ni ma bari in rage maka aiki. Na hau babur daga kasuwa, mai babur ya dube ni ya ce sawu biyu zai yi. A gada kuma sai da na sauka muka tura tare."

"Ya yi miki adalci. Ni da mota zan kira, ta yashi."

"Alhamdu lillahi, bakin ya dawo. To faɗa mini, babban injiniyan jirgin ƙasa, wanda ya sanyaya Turawa daga nan har Dakar, me ya sami fankar?"

"Ta ƙi gudu."

"Wannan ko akuyata ta sani. Ka canza batirin abin dannawar?"

"Ke ma kin zama injiniya?"

"Rediyona in ya yi shiru batir nake canzawa. In ya ƙi, in mare shi."

"Batirin rimot da ransa. In na danna, na'urar tana amsawa, ɗit. Amsawa kawai, ba motsi, kamar Tarawele in an kira ta aikin gayya."

"Ka mare ta?"

Moriba ya sosa sanƙo. "Jiya. Sau biyu."

"Ka gani! Shekara talatin da huɗu, da takardar yabo a bango, ashe makarantarmu ɗaya."

"Ajinmu ma ɗaya, sai dai ke kin fi ni hannu. Na wanke rariyar da ke tace iska, na shanya ta, na mayar. Shiru. Na cire wuta gaba ɗaya, na bar ta ta huce, na mayar. Shiru. Na ce to kwandansa ce ta gaji, ita ce ke ba fanka ƙarfin tashi. Na tafi shagon Sidiki na sayo sabuwa."

"Sidikin da ka koya wa aiki?"

"Shi. Na ce ta wani maƙwabci ce. Ya ce, Baba, ko in zo in duba wa maƙwabcin? Na ce yaro, ranar da na fara riƙe sukudireba uwarka ba ta iya ɗaura zane ba."

"To ka sa sabuwar."

"Na sa."

"Sai fanka ta tashi."

"Sai fanka ta ci gaba da numfashi kamar tsohuwa mai azumi. Yanzu wayoyin injin fankar nake bi ɗaya bayan ɗaya. In ba su ba ne, to ƙwaƙwalwar na'urar ce ta ƙone."

"Wata ƙwaƙwalwa dai ta ƙone a ɗakin nan, ban ce ta na'ura ba."

"Ni ma zargin da nake yi ke nan."

Tenin ta dakata da fifita, ta ɗaga kai ta dube shi. Shekara sittin tana jifansa yana ramawa. Yau duk abin da ta jefa sai ya cafe ya ƙara wa kansa, kuma ba dariya a muryarsa. Wannan bai yi mata daɗi ba.

Ana haka wani ɗan noti ya kuɓuce daga hannunsa, ya faɗi ƙasa, ƙyal. Moriba ya sauko a hankali, ƙafa tana laluben kowane hawa. Ya sunkuya yana shafa siminti da tafin hannu, daga dama zuwa hagu, kamar mai share gero. Notin kuwa yana nan kusa da babban yatsan ƙafarsa, yana ƙyalli. Hannunsa ya wuce shi sau biyu.

"Me kake nema, bawana?"

"Mutuncina. Nan ya faɗi shekaranjiya."

"In noti ne, ga shi nan zai cije ka a yatsa."

"Na gan shi. Gwada ki nake, in ga ko idonki na ganin wani abu ban da abinci."

Ya laluba ya ɗauka. Tenin ta jira sai da ya miƙe.

"Moriba, ka kira Sidiki."

"Ba zan kira ba."

"Ka kira shi. Mintina kaɗan zai yi."

"Abin da nake gudu ke nan. Ya zo ya yi mintina kaɗan, gobe duk layin masu gyara su ji cewa tsoho Jara ya kwana uku a kan tsani yana hira da fanka. Ki bar ni. Kafin la'asar zan gano ta."

Tenin ta rage murya. "Na tabbata jiya ma haka ka ce wa la'asar. Dubi matarka. Zanen nan yanzu aka jiƙa shi, ga shi ya bushe ƙamas."

Moriba ya juya wajen katifa. Shi ya san yadda yake kwana yana jiƙa zanen nan, yana sauraron numfashinta. Shi ya san abin da likita ya faɗa masa a bayan ƙofa, cewa in ta sake faɗuwa ba lalle ta tashi ba. Ya tura notin aljihu.

"Ru... wa," in ji Kanku.

"Kin ji ko," in ji Moriba. "Ba ta."

Tenin ta ɗauko moɗa. Kanku ta datse baki, ta girgiza kai. Ta ɗaga hannun hagu da ƙyar tana nuni.

"Tsaya," in ji Tenin. "Wannan yatsan ba randa yake nunawa ba."

"Randa tana bayan ƙofa."

"Na sani, ai ni ma ina da ido. Gado take nunawa. Kanku, wannan? A'a? Wannan ƙarfen? A'a? Wannan?"

Ta ɗago rimot daga cikin tarkacen da ke kan gado. Kanku ta lumshe ido, ta sauke hannu, ta saki wani dogon numfashi irin na wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Tenin ta juya rimot ɗin sama da ƙasa, ta kawo shi kusa da hanci. "Ni dai ka san ban yi boko ba. Kwana tara na yi a aji, malam ya ce in rubuta sunana, na zana masa kifi, ya ce in koma gida na gama. Lambobin nan ban san me suke cewa ba. Amma wannan ɗigon fa?"

"Wane ɗigo?"

"Ga shi nan a saman gilashin. Ɗan ƙarami, kamar hawaye. Ɗigon ruwa dai."

Moriba ya ja da baya. Ya laluba bayansa ya sami hawan tsani na biyu, ya zauna a kai.

"Ɗigon ruwa," ya ce.

"Ɗigon ruwa. Ko in zana maka?"

"Ba kamar tauraro ba, mai ƙafa shida?"

"Jara, kifi nake sayarwa. Ruwa na san shi."

Moriba ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tenin ta zaci kuka ne, sai ta ji ashe dariya ce, irin wadda ba ta da nisa da kukan.

"Tenin, kin san mene ne ɗigon nan? Aikin damina ne. In ɗaki ya yi laima, kaya suna wari, sai a sa na'urar a nan ta tsotse danshi. In tana wannan aikin, ita ke riƙe da fanka a ƙaramin gudu. Ko limamin gari ya danna ba za ta ƙara ba. Lafiyarta ƙalau. Abin da aka sa ta take yi."

"Wato kwana uku..."

"Kwana uku ina busar da danshi. A Kayi. A watan Afrilu. Garin da in ka tofa yawu ba ya kaiwa ƙasa."

"Wayyo cikina!"

"Na wanke rariya, na sayi kwandansa, na yi wa Sidiki ƙarya, na mari baiwar Allah sau biyu ba ta yi mini komai ba. Matata kuma tana ta gaya mini, ruwa, ruwa, ni ina ɗura mata randa."

Tenin ta kwanta a gefen gado tana dukan gadon, noti da wayoyi suna tsalle. Da ƙyar ta tashi tana share ido da bakin ɗankwali.

"To wa ya sa ta aikin damina?"

"Wa kike gani? Shekaranjiya Kanku ta ce zafi, na zabura in ƙara mata sanyi, yatsana ya sauka inda bai saba ba. Maɓalli uku na sani a abin nan, na kunnawa, na sanyi, na fanka. Lasine ya nuna mini su, na haddace wurinsu. Sauran ba na taɓawa. Na zamaninmu murɗawa ake yi, ƙas, ƙas, ƙas, hannunka ya gaya maka inda kake. Waɗannan kuwa sai an..."

Ya murza ido.

"Sai an gani," in ji Tenin.

Ya miƙe, ya laluba bango ya kunna wuta. "Nuna shi wajen na'urar. Akwai maɓalli a sama ta hagu, danna shi ki gaya mini abin da ya fito."

Ɗit.

"Ɗigon ya tafi. Ga wani abu kamar furen kabewa."

"Fanka ce zalla, ba sanyi. Sake."

Ɗit.

"Yanzu rana ce, da gashinta."

"Subhanallahi! Wuce, wuce, kafin ki gasa mu!"

Ɗit. Ɗit.

"Yauwa, ga gizo-gizo."

"Ƙafa nawa?"

"Shida. An cire masa biyu, wataƙila Jara ne ya gyara shi."

"Shi ne. Tsaya nan. Kawo."

Ya karɓa, babban yatsansa ya tafi kai tsaye kan maɓallin fanka. Ya danna sau ɗaya, iska ta ɗaga murya. Ya sake dannawa. Na'urar da ba murfi ta yi wani gurnani, ta kwaso iska fuu, ta ɗaga ɗankwalin Tenin, ta watsa takardun da ke kan teburi, kalandar bango ta shiga tafi. Sanyi ya sauko har ƙasa. Kanku ta juyo da fuskarta wajen iskar, ta rufe ido. Moriba ya durƙusa ya shafa goshinta, ya daɗe hannunsa yana wurin.

"Ki yafe mini, Kanku. Kin faɗa, ban ji ba."

Ta ɗora hannun hagu a kan nasa, ta ɗan matsa.

Tenin ta bar su har zufar goshin Kanku ta bushe. Sannan ta gyara zama.

"Jara, wane launi ne zanen da na ɗaura?"

"Launin buhu. Kullum ai buhu kike ɗaurawa."

"Na ce wane launi."

"Shuɗi."

"Kore ne, da manyan furanni ja, kowanne ya kai faranti. Tun yaushe?"

Moriba ya zauna a ƙasa, ya jingina da gado. "Tun daminar bara. Da farko kamar hayaƙi. Na yi ta goge tabarau har na kusa huda shi. Yanzu na dama ya tafi, na hagu yana haɗa kaya. Ke ma da kika shigo, ƙofa na ga ta yi duhu, na ce ko hadari ko Tenin."

"Lasine ya sani?"

"In ya sani zai bar aikinsa ya taho. Ga uwarsa a kwance, a ce masa uban ma ya zama kaya?"

"Ka je an duba?"

"Kin manta Baba? Haka ya fara. Aka kawo mai magani ya sa masa tsinke a ido, daga ranar bai sake ganin ko rana ba. Shekara goma sha ɗaya ni ke jansa zuwa masallaci. In na kwanta aka taɓa nawa, aka ƙarasa ɗan abin da ya rage, wa zai ba Kanku magani? Wa zai juya ta?"

"Yanzu wa ke karanta maka sunan maganin?"

Ya sunkuyar da kai. "Da girman kwalba nake ganewa."

"La'ilaha illallahu! Da girman kwalba! Yau ɗigon ruwa ne, Moriba. Gobe fa?"

Iska ta ci gaba da kaɗa kalanda.

Tenin ta ja dogon numfashi, ta saki murya. "To bari ka ji, kada ka ɗauka kai kaɗai ne jakin gidanmu. Watan jiya aka ce mini mijin Nyeba mai gishiri ya rasu. Na ɗauki mayafi na tafi unguwarsu. Na ga gida da rumfa da kujeru, na shiga da kururuwa tun daga zaure. Na faɗi na yi birgima, mata huɗu suka kasa ɗaga ni. Ina cewa, wayyo mutumin kirki, wayyo ya tafi ya bar mu. Sai wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, baiwar Allah, suna muke yi."

"Ƙarya kike!"

"Wallahi. Gidan makokin yana layi na gaba. Kuma ka san abin da na yi? Na share hawaye na zauna na ci shinkafarsu. Da na isa gidan Nyeba kukan ya ƙare, sai gyatsa."

Moriba ya yi dariya har da tari. "Tarawele! Ko a lahira aka ga rumfa sai kun leƙa."

"Mun leƙa. Amma ni da aka ce na ɓata gida, ban tsaya gardama ba, na tambayi hanya. Yanar ido ce da kai, irin ta yayar Nyeba ɗin nan. An cire mata a asibiti, ba da tsinke ba. Da safe aka yi, washegari aka buɗe, ta dubi mijinta ta ce ashe haka ka tsufa. Ranar Litinin zan zo in kai ka a duba."

"Litinin ina da aiki."

"Wane aiki? Busar da kogi?"

"Kanku fa?"

"'Yata za ta zauna da ita. Daga yau kuma ita za ta riƙa zuwa tana ware maganin safe da na dare. Saura me?"

"Mutane za su ga mace tana jana a titi."

"Ba wanda zai gan ka. In ina gaba, wa ke ganin abin da ke bayana?"

"Babur ɗaya ba zai ɗauke mu ba."

"Kai za ka hau, ni in bi ka da gudu. Saura me?"

Moriba ya juya wajen katifa kamar mai neman ceto. "Kanku, kina jin abin da baiwar nan take yi mini a gidana?"

Kanku ta buɗe ido. Ta tattara ƙarfinta, kalmar ta fito a hankali amma sarai. "Je... ka."

"To," in ji Tenin, ta tafa hannu. "Wannan karon ka ji, ko in kawo moɗa?"

"Na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Na ji. Litinin."

"Kuma Lasine, kai za ka gaya masa ko ni?"

"Ni. In ke kika faɗa, zai zaci na mutu kin ci shinkafar."

"Madalla. Yanzu tashi ka mayar wa baiwar Allah murfinta, ka bar ta tsirara gaban baƙi. Ka hau, ni zan riƙa gaya maka inda ramin yake."

Haka aka yi. Moriba yana sama, Tenin tana ƙasa ta riƙe tsani da hannu ɗaya, tana miƙa noti da ɗayan.

"Dama. Dama na ce! Wannan hagu ce, ɗan wake."

"Damarki ko tawa?"

"Duk ɗaya ce, bango muke kallo!"

"Ai ban sani ba ko kin juya. Ke gabanki da bayanki duk faɗinsu ɗaya."

"Yauwa, ka warke. Ɗaure nan."

Da aka ɗaure na ƙarshe, murfi ya zauna daram, gurnanin ya koma wani lallausan shuu. Moriba ya sauko, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana jin sanyi yana sauka a sanƙonsa. Tenin ta buɗe kwano, ta tallafo Kanku tana ba ta romo cokali cokali. Kanku ta sha fiye da rabi, abin da ba ta yi ba tun dawowarta.

"To, Jara," in ji Tenin tana goge hannu, "injiniya ta gama aiki. Ba a sallamar injiniya da na gode."

"Injiniyar da ta zana kifi."

"Ita. Faɗi da bakinka, wa ya gyara?"

"Kanku ta gano, ke kika danna."

"Kai fa?"

"Ni na riƙe tsani da ƙafafuna kwana uku kada ya gudu." Ya ɗaga hannu biyu sama. "Shi ke nan, Tarawele, yau taki ce. Na faɗi, kuma a gaban shaida. Fita bayan ɗaki, akwai zakaru biyu a akurki. Ki kama ɗaya."

Tenin ta miƙe da saurin da ba a san ta da shi ba. Jim kaɗan aka ji kaji sun ɓarke da kuka, sannan muryarta ta taso ta taga.

"Jara! Wanne? Farin ko jan?"

"Au, akwai ja?" in ji Moriba. "Kama wanda kika ga dama. Ni tun bara duk farare nake kiwo."

Daga kan katifa wani sauti ya fito, a karkace, rabin baki, amma ba mai shakkar ko mene ne. Kanku ce ke dariya. Moriba ya juyo, ya zauna kusa da ita, shi ma ya sa tasa.

"Kama babban!" ya ɗaga murya. "Kafin in warke in ga abin da na bayar!"